Motar da Ba Ta Tsaya a Yendi Ba

Salaga gari ne na rijiyoyi, da yawansu kuma babu mai su, ciyawa ta rufe bakinsu. Ƙanena bai daɗe da fara tafiya ba ya faɗa ɗaya a bayan gidanmu da rana tsaka. Allah ya sa rani ne, laka kawai ya tarar, amma hannunsa ya karye. Na yi ta ihu har mahauta suka zo da igiya. Babanmu yana ɗaki, ƙofa a rufe, hayaƙi na fitowa ta ƙasanta.

Duk zango an san wannan hayaƙin. Tun da ya dawo daga soja a yaƙin Bama na zamanin Turawa yake shan wiwi, da innarmu ta rasu abin ya ƙaru. Amma shi ke dama mana koko, shi ke yi mini kitso da manyan yatsun nan nasa, ya fito a karkace kamar kunyar doya. Wannan kam babu wanda ya faɗa a gaban sarkin zango.

Kawunmu, yayan innarmu, mai fataucin shanu ne daga Bawku. Ya dawo ke nan daga haye kogi da garke a Makango ya ji labari, ya kai ƙara. Ya ce 'ya'yan ƙanwarsa ba za su mutu a hannun ɗan wiwi ba, a ba shi mu. Sarki bai ba shi ba, bai kuma bar wa Baba ba. Ya ce a kai mu Yendi wurin gwaggonmu, mu zauna har bayan babbar salla. In Baba ya bar hayaƙin kuma bai ɗaga wa kowa hannu ba, a mayar masa da mu. In ya ɗaga, mun zama na Kawu.

Har yau ina jin haushin tsohon nan, Allah ya jiƙansa. A gaban Kawu ya faɗi sharaɗin, sannan ya ce tunda hanyar Kawu ce, shi zai sauke mu a Yendi.

Da safe Baba ya rako mu tasha, ƙanena a wuyansa da karan ɗori a hannu. Kawu na jiranmu da makiyayansa, bafaden sarki na gefe a matsayin shaida.

"Soja, ka sha na safe?" in ji Kawu, ya tofa masa tukar goro a riga.

Baba ya sauke ƙanena, ya mai da hannayensa baya, ya kama ɗaya da ɗaya. Wani makiyayi ya zabga masa sanda a ƙwauri, wani ya ƙara masa a gadon baya. Aka fasa masa leɓe, jini ya gangaro gemunsa. Mata masu sayar da dokunu, tuwon masara na ganye, suna ta Allah wadai, bafade ya kau da kai. Ni ina kallon yatsun Baba, sun nutse cikin naman hannunsa.

"Ku daka," ya ce. "Ni dai bayan salla ina Yendi."

Da Kawu ya ga duka ba ya ci, sai ya juya ya fizgo ƙanena ta karyayyen hannun. Yaron ya ƙwalla ƙara, Kawu ya ɗauke shi da mari wai ya yi shiru.

Ban ga lokacin da hannayen Baba suka fito ba. Naushi ɗaya Kawu ya zube. Baba ya zari ƙarfen tayar da mota ya sauke wa mai sandan a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi. Suka yi masa taron dangi, suka danne fuskarsa a ƙasa, suka ɗaure shi da igiyar shanu, suna shurinsa yana kiran sunana. Kawu ya tashi zaune, ya tofar da haƙori, ya dubi bafade.

"Ka gani?"

"Na gani."

An riga an aika wa Gwaggo, don haka da muka iso Yendi tana bakin titi da ƙwaryar fura. Na miƙe ina kiranta. Kawu ya buga jikin motar ya ce da direba ya wuce. Ta biyo mu da gudu, furar na zuba mata a zane. A Bawku na girma, a can aka yi mini aure, kuma ban sake ganin Baba ba.

Sai da na yi haihuwar fari na samu zuwa Yendi. Gwaggo ta ce 'yan sanda sun riƙe shi, da suka sake shi bayan salla ya zo mata a rame, babu warin hayaƙi ko kaɗan a jikinsa. Ya zauna a zaure ya ce a fito masa da yaransa. Ta ce haba yaya, ai ka san ba su nan.

Ya ce ya sani. Amma sarki ya ce bayan salla.