Mai Cizon Gero na Danchadi

A Danchadi, idan aka yi girbi, Malam Haliru ba ya bari a sa dami ko ɗaya a rumbu sai ya ciji ƙwaya. Zai murje zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya kai ƙwayar ga turamen haƙoransa. In ta yi ƙas, gero ya bushe. In ta lotsa, a mayar da shi rana. Tun da ya kama gida funfuna ba ta taɓa shiga rumbunsa ba, kuma yana alfahari da haka, har abin ya so ya yi yawa.

Sai turamen suka fara ciwo, aka cire su ɗaya bayan ɗaya. Bara da kaka ya jefa ƙwaya baki kamar kullum, dasashi kawai ta tarar. To, mutumin da maƙwabta ke kawo wa zangarniya ya ciza musu, ina zai ce bai ji komai ba? Ya gyaɗa kai, ya ce a ɗura. Da aka buɗe rumbun da bazara, wari ne ya fara fitowa. Dammunan ƙasa sun yi baƙi sun dunƙule, ko awaki ba a ba. Abin tausayi, dattijon har zaman majalisa ya daina.

'Yarsa Ummukulthum, mai aikin jinya a Sakkwato, ta kai shi wurin likitar haƙori. Aka ɗauki hoton muƙamuƙinsa da na'ura, sai ga shi a allon kwamfuta ana juya shi ta kowane gefe. Likitar ta nuna masa inda ƙashi ke da kauri, inda jijiya ta bi, da wurin da za ta kafa ƙarfen dashen sabbin haƙora, duk kafin ta taɓa bakinsa. Wannan ya burge shi, don shi ma ba ya gina rumbu sai ya duba inda ruwa ke kwanciya.

"Likita, kahin kaka ina iya cizon hatsi?"

"A'a, Baba. Sai ƙashi ya kama ƙarfen, watanni ke nan. Ko bayan nan ban yarda ka yi gwaji da su ba."

An yi dashen lafiya. Kaka ta zo, dammuna suna jibge a tsakar gida, ga ragowar hadari yana yawo a gabas. In aka sake ɗura ɗanye, bana ma tuwon gidan na kasuwa ne. Haliru ya murje zangarniya, ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya miƙa wa matarsa Tani da ke tankaɗe. Ta ciza, ta tofar.

"Da saura, Malam. A ƙara mai rana."

"Kin tabbata?"

"Ko bara da saura. Tun ga turmi nig gane."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Na ga kana tauna da dasashi gaban mutane. Ban so su gane ba."

Haliru ya sunkuya ya ɗauki dami ya kai rana, ya dawo ya ɗauki wani. Da maƙwabcinsa Kamilu ya yi sallama da zangarniya a hannu, ya karɓa ya juya ciki da ita.

"Jira ni," ya ce. "Bari in kai ma Tani."