Tukur, Ga Rigarka Na Yanka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, Allah ya karɓi ran Tukur mai gyaran rediyo da waya na kasuwar Shagari, bayan zazzaɓin da bai ba mu damar shiri ba. Ni Mode tela na Bodinga, tare muka tashi. Tun ranar na kasa zama wuri guda. In shiga shago, in fito, in koma gida, in sake fitowa, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zuciyata ta lafa.

Tukur, ka tuna shekarun tsanani bayan faɗuwar Jamhuriya ta Biyu, ana layin sabulu da madara? Lokacin kawunka ya dawo daga Makka da wasan talabijin, na ɗan mutumin nan mai gudu yana tsallake ramuka. Da batirin mota muke kunnawa. Mu duka muka girma muka manta da shi, kai kaɗai ka ƙi. Da furfurarka ka shiga cikin masu farke tsofaffin wasanni a kwamfuta suna sake ɗinke su, kamar yadda nake yi wa tsohuwar riga. Ka sa wa ɗan mutumin hula da 'yar shara, ramukan ka mai da su rijiyoyi, yana tsintar dabino kunama na binsa. Na sha ce maka, “Dattijo da wasan yara!” Dariya kawai kake yi.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ni, hannuna na dama ya ƙi riƙe ko cokali. Tela babu hannu, mene ne saura? Likita ya ce in riƙa motsa yatsu, na ƙi, na juya fuska bango. Sai ga ka a babur da ƙaramar na'urar wasa da shadda fara a leda. Ka ce, “Hannun ga bai mutu ba, kwana shikai. Shaddag ga kuwa kai za ka ɗinka min ita, ba wani tela ba.”

Wallahi haushinka na ji ranar. Amma ka zauna ka buɗe saitin wasan a gabana. Ka rage sauri har ɗan mutumin yana tafiya kamar mai azumi. Ka cire iyakar rayuka, in ya faɗa rijiya ya fito a ci gaba. Maɓallin tsalle kuwa da gangan ka mai da shi dama, inda sai babban yatsana mai ciwo ya danna. Na yi ta zaginka, ina ta dannawa.

Duk ranar kasuwa kana zuwa. Ka karɓi na'urar ka juya mini baya, ka ce ƙura kake sharewa. In na ce yau wasan ya yi tsauri, ka ce, “Kai ad da raki, Mode.” In ka yi maganar almakashi sai in ce ba yanzu ba, wanda ke wasan guragu ina shi ina yanka shadda.

Bayan an kai ka, na ɗauki wasan don kewa, na yi ta faɗawa rijiya, idona cike da ƙwalla. Na ce wa ɗiyata Safinatu ta rage mini saurin, babu Tukur ba zan iya ba. Ta buɗe saitin, ta duba, ta miƙo mini. Saurin yana can ƙarshe, inda ka rubuta da Hausa: “Kamar na kowa.” Ashe ba ƙura kake sharewa ba. Kaɗan-kaɗan kake ƙarawa kana ɓoye mini, don ka san in na sani zan tsorata. Haba Tukur! Ka san na warke, ka tafi ba ka faɗa mini ba? Raina ya ɓaci, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka da haske. Yadda ka sauƙaƙa mini har na iya, Allah ya sauƙaƙa maka tambaya, ya tsallakar da kai siraɗi lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna, da mai ɗakinka Hasiya, da babban ɗanka Abu da ƙannensa, da 'yan kasuwar Shagari baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Jiya na ciro shaddar daga leda. Awonka yana kaina, ban nemi tef ba. Na yanka da hannun dama, layin bai karkace ba. Hasiya, ki turo Abu Juma'a ya karɓa. Za ta yi masa yawa a kafaɗa, amma ba zan rage ba, rigar ubansa ce.