Mai Hoton Da Ya Ce Wa Gwaggo Binta Ta Tashi

Kullum da hantsi Malam Nathan zai taho daga Tudun Murtala a kan tsohon kekensa, ya buɗe ɗan shagonsa na hoto a Nassarawa GRA, ya share bakin ƙofa da kansa, ya hura gilashin kyamara ya goge. Mutumin Wusasa ne, Kirista, tun yana saurayi ya zo Kano. Yanzu yanar ido ta kama shi, ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma babu wanda ya taka ya ce masa sannu. Abin kunya ne wallahi, mu matan Kawaji mu ne kan gaba a cikin kunyar.

A zamaninsa duk mai hoton da ya shiga gidan manya, da fuskar mai gida yake daidaita haske. In mai gidan fari ne, sai a wanko hoto ka ga kuku da mai gadi sun koma gawayi, ido da haƙora kawai. Shi Nathan wanda ya fi kowa baƙi a wurin yake nema, da shi yake daidaitawa. In farin ya ɗan ƙone, ya ce ai ba ya ɓacewa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gari a tsorace, labarin rikicin Kaduna bai huce ba, wata ƙungiya ta masu masana'antu ta ce za ta buga kalanda a nuna fari da baƙi, Musulmi da Kirista, duk ɗaya ne. Aka kwaso matan da ke shara a masaƙun Dakata zuwa wani gida mai ciyawa a GRA, aka ce za a raba shinkafa. Cikinsu har da Gwaggo Binta, baƙa wuluk, doguwa, mai taƙama da tsafta. Wani Kwara, farin Balarabe mai masaƙa, ya miƙo mata buhu. Ita kuwa yadda aka rene ta, in babba ya ba ka abu durƙusawa ake yi. Ta zube gwiwa biyu, ta tara hannu.

Nathan ya sauke kyamara.

"Gwaggo, tashi tsaye ki karɓa."

"Kai Bazazzage, iyayi! Ɗauki abinka, gwiwata ciwo take."

Sakataren ƙungiyar, Alhaji Lawan, ya matso. "Mai hoto, ladabi fa take yi. Al'adarmu ce."

"Na sani, Alhaji, uwata ma haka take yi. Amma hoto ba ya ɗaukar ladabi. Wanda zai gani a bango, fari zai gani a tsaye, baƙa a ƙasa. In ɗaya suke, su tsaya tare."

Aka sallame shi nan take, aka kira wani ya ɗauka. Matan suka bi shi da tsaki don ya ɓata musu lokaci a rana, Binta har da cewa Allah ya raba ta da ɗan Zariya. Daga ranar gidajen GRA suka daina kiransa biki da suna, ya koma ɗan hoton fasfo.

Da kalanda ta fito, kowane shago sai da ya rataye ta. Binta ta shiga kasuwa aka fara nuna ta: ga tsohuwar shinkafa. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba! Ta daina zuwa biki. A ƙarshe ta naɗe kalandar a cikin mayafi, ta tafi shagon mutumin da ta zaga, ta tsaya a ƙofa ta kasa sallama.

Bai ce mata ai na faɗa miki ba. Kujera ya ba ta, ya shimfiɗa takardar.

"Dubi nan, Gwaggo. Wanda ya ɗauka, kan benci ya hau, shi ya sa kika zama 'yar mitsitsiya. Dubi haske, duk a fuskarsa ya ƙare. Ke ina fuskarki?"

"Babu. Haƙora ne."

"A ƙasa kuma an rubuta sunansa har da na ubansa. Ke an ce wata mabuƙaciya."

"A sama fa?"

"Dukanmu ɗaya ne."

Ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Bakaniya, in kin gama kukan miƙe, fim ɗina ba ya son hawaye." Ya ɗauke ta a tsaye, ido cikin ido. Ranar ta fara ganin tsagen kumatunta a hoto.

Malam Nathan, kai ne ka ƙi danna yatsa sau ɗaya, ka rasa cinikin unguwa guda. Kai ne ka koya wa matan da ba su san ko bihim ba karanta hoto: wa ke tsaye, wa ke ƙasa, wa aka haska, wa aka sa wa suna. Mai ido da ba ya raina baƙar fata! Addininka daban, amma mutuncin Musulma ka tsare ranar da 'yan'uwanta suka yi maka tsaki. Mun gode, kuma mun makara. Allah ya ba idonka lafiya.

Saura ke, ƙungiya. An ce kun faɗaɗa wannan hoton za ku kafa a zauren taronku don bikin cika shekaru. Alhaji Lawan, kana raye, Binta ma tana raye, jikokinta sun iya karatu yanzu. Ba shinkafa take nema ba. Ku sauke shi. In hoton haɗin kai kuke so, ku je shagon Nathan kafin ya rufe, ku zo da Kwaran, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita, ku ba tsohon nan haƙuri ya ɗauke ku da sauran ganin da ya rage masa.

Ku kuma masu yawo da waya kuna ɗaukar duk wanda kuka ba sadaka, ku yi koyi da shi. In ba za ku iya tayar da mutum tsaye ba, ku mayar da wayar aljihu.