Shekarar Damisar Baba Tan

Baba Tan tela ne a wani lungu bayan kasuwar Shahe, da kekunan ɗinki shida da mata ɗaya mai taurin kai. Tun yana yaro yake riƙe da almakashi, kuma duk Guangzhou ban ga Basine da ya gane wuyan jallabiya kamarsa ba. Ni na fara kai masa aiki daga Kano, sannan na ja masa Tankari, wani ɗan kasuwar Maraɗi, Tankari ya jawo mutanensa. Da mu shagon yake ci.

Sinawa suna da dabbobi goma sha biyu, kowace shekara da tata. In dabbar da aka haife ka a shekararta ta zagayo, wai masifa na bin ka har shekarar ta fita. Baba Tan ɗan damisa ne, 1998 kuwa shekarar damisa ce. Matarsa ta ɗaura masa jar ɗamara, ta saya masa jar safa. Wannan bai dame ni ba, ƙafarsa ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da ta je wurin wani mai duba, ya ce kada mijinta ya yanka farin yadi sai shekara ta juya, don a wurin Sinawa fari kayan makoki ne.

To me Bahaushe zai sa ranar Sallah in ba fari ba? Na sauke masa bandir-bandir na farin yadi, ya ko ƙi taɓawa.

"Mei yo," in ji shi, wato babu. "Kawo shuɗi, kawo ruwan ƙasa."

Na lallashe shi, na yi faɗa, na ce ya bar yaransa su yanka shi ya tsaya daga nesa. Ya ce shagon nasa ne, masifar ta san adireshi. Tankari ya gaya masa shi ma a jaridun Faransa an ce kunama ce tauraronsa, bai taɓa fasa cin tuwo saboda haka ba. Baba Tan ya yi dariya ya zuba mana shayi, amma bai ɗauki almakashi ba.

Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Na kwashe yadina na kai wata babbar masana'anta, Tankari ya biyo ni, sauran suka bi shi. Ɗinkin can bai kama ƙafar nasa ba, amma ya isa Kano kafin azumi. Masana'antar ta riƙe mu da sauƙin farashi, ba wanda ya koma.

Bayan damisa ta fita an shiga shekarar zomo na gan shi a kasuwar Shisanhang yana tura kurar kaya. An sayar da kekunan, shagon ya zama wurin sayar da taliya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi niyyar in gaya masa ba damisa ce ta cinye shi ba, shi ya kore mu da hannunsa. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna yana murmushi.

"Laoban," in ji shi, wato maigida, "ka gani ko? Mai duba bai yi ƙarya ba. Shago kawai shekarar ta ɗauka. Da na yanka farin nan, ni za ta ɗauka."

Na taya shi tura kurar har bakin titi.