Muhibba da Sallar da Ta Zo da Wuri

Lokacin da Luba take takabar mijinta, Malam Ɗanjuma mai ban ruwan shukoki, Muhibba ce ta yi sallama a ɗakinta na bayan gida, rungume da wata 'yar tsohuwar kwamfuta. Ta ajiye ta a kan tabarma ta ce, "Gwaggo, tunda ba kya fita, ga tafsiri ya zo har ɗaki." Ta nuna mata inda ake dannawa, ta ƙara wa rubutun girma saboda idonta, ta fice ba ta tsaya jin godiya ba. Da wannan kwamfutar Luba ta ƙarasa takabarta, har yau kuma tana nan lulluɓe da tsohon ɗankwali.

Muhibba 'yar Alhaji Baffa ce, mai gidan da marigayin ya yi wa aiki a Nassarawa GRA. Malama ce, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare ta wajen Kaura Goje. Doguwa, mai saurin magana, tabaraunta kullum yana zamowa kan hanci. Sai dai aikin da ya fi tafiya da hankalinta ba wanda ake biyan ta ba ne.

Ita ta bayyana wa Luba cewa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar nan ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe barkatai suke haɗa ta, kowa ya kawo abin da ya iya, a raba wa duniya kyauta. Luba, wadda ta tashi a wani ƙauyen Jigawa, ta ce, "Ashe gayya ce."

"Gayya ce, Gwaggo! Sai dai ba wanda yake dama mana kunu."

'Yan gayyar suna da wani shafi a intanet da suke kira taswirar aiki, kowa yana iya leƙawa. A ciki ake rubuta abin da zai shiga sabon zubin manhajar, da wanda ya ɗauki nauyinsa, da ranar rufe ƙofa. Abin da bai kammala ba kafin ranar, sai baɗi. A nan Muhibba ta rubuta cewa bana manhajar za ta yi magana da Hausa, ta sa sunanta a gefe. Abin da aka gama yakan koma kore, nata kuwa yana ruwan ɗorawa. Ba wanda ba ta nuna wa layin nan ba, har maigadi.

Suna kuma da wata ƙa'ida: wanda ya yi aiki ba ya shaidar kansa. Sai wani daban ya gwada a kan wata kwamfutar, daga farko har ƙarshe, ya rubuta cewa ta yi. Muhibba ta tanadi masu gwada mata, Ja'afaru na Kawaji da Yusra ta Gawuna. Ta duba kalandar bangon falo, ta ga ranar rufe ƙofar ta faɗo talatin ga azumi. Ta yi murna, ta ce ranar ba makaranta, ba girkin rana, sai a yi gwajin a tsanake.

Sai aka ga wata.

Suna zaune bayan shan ruwa rediyo ta sanar gobe Sallah. Hajiya Ma'u, mahaifiyar Muhibba, ta miƙe tana cewa a fiddo kaji a jiƙa shinkafar tuwo. Ita kuwa Muhibba ta daskare da dabino a hannu. Ta kira Ja'afaru, ya ce da asuba zai bi mota zuwa ƙauyensu, can kuma ko kira da ƙyar yake shiga. Yusra ta ce in ta taɓa kwamfuta gobe surukarta sai ta kai ta ƙara. Muhibba ta roƙi mai riƙe da jadawalin, wata mata a can wata ƙasa mai nisa, a ƙara mata kwana ɗaya. Matar ta yi mata barka da Sallah cikin mutunci, ta ce amma ranar a fili aka rubuta ta, kowa ya tsara aikinsa a kanta. Da la'asar ɗin Kano za a rufe.

Washegari bayan an sauko daga Idi, Luba tana bakin tukunya da muciya sai ga Muhibba ta tsuguna a gabanta cikin leshin Sallah.

"Gwaggo, ke za ki gwada min."

"Ni? 'Yar nan, ni da karatun yaƙi da jahilci kawai na yi?"

"Ai irinki muke nema."

Hajiya Ma'u ta leƙo ta taga. "Muhibba, ranar Sallah za ki ɗauke min mai tuƙa tuwo? Turawan naki ne za su ciyar da baƙina?"

"Umma, ba Turawa kaɗai ba ne, har da 'yan Indiya."

"To su zo su karɓi muciyar!"

Duk da haka Hajiyar ce ta fito ta karɓa, tana mita.

A ɗakin Luba, Muhibba ta soka filashi mai ɗauke da sabon zubin a jikin kwamfutar. Luba ta riƙe mata hannu. "Tafsirina fa?" Muhibba ta rantse mata ba abin da zai taɓa shi. Sannan ta juya baya ta fuskanci bango, domin ba a yarda ta nuna wa mai gwaji hanya ba.

Allon ya haska. Luba ta matso da ido, ta haɗa baƙaƙen a hankali: Barka da zuwa. Dariya ta ƙwace mata. "Ikon Allah, ta gaishe ni!" Ta zaɓi gari, ta rubuta sunanta da yatsa ɗaya, tana danna Ci gaba, shafi yana bin shafi. Muhibba tana jin ƙarar dannawar, tana buga ƙafa don daɗi.

Can sai dannawar ta tsaya. Wani shafi ya zo cike da rubutu, wurin da aka saba dannawa kuma babu shi. Luba ta duba sama ta duba ƙasa. Abu kyauta aka ba ta, 'yar masu gida ce ta yi, ga shi ranar Sallah. Da wane bakin za ta kushe shi?

"Gwaggo, yaya?"

"Lafiya lau."

"An wuce?"

"To... ana nan dai."

Sai ta tuna in ta yi shiru haka zai je hannun wata tsohuwar ya tsaya mata. Ta yi ƙasa da murya. "Kar ki ji haushi, kamar wurin dannawar ya faɗa ƙasa."

Muhibba ta juyo, ta kalla, ta saki ihu ta rungume ta. Bayanin Hausar ne ya yi tsawo, ya ture maɓallin ya fice daga ƙaramin allon. A babbar kwamfutarta ba ta taɓa ganin haka ba. Nan take ta zauna a ƙasa da leshinta, ta rage bayanin, aka sake daga farko. Baƙi suna ta sallama a tsakar gida, yara suna neman goron Sallah, ba wadda ta ɗaga kai. Wannan karon Luba ta kai har ƙarshe. Da yatsanta ta rubuta a shafin 'yan gayyar: Na gwada, ta yi.

Ladan bai kai ga kiran la'asar ba layin ya koma kore. Muhibba ta fita a guje ba takalmi tana kiran Abba, Abba, har sai da Alhaji Baffa ya zaci gobara ce. Tuwon ranar ya yi gudaji, Hajiya Ma'u kuma duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa laifin wace ce.

Da aka zo tsara taswirar shekara mai zuwa, Muhibba ta sa aka matsar da ranar rufe ƙofa nesa da ƙarshen azumi. A ranar ta zo ɗakin Luba ta zauna a bakin tabarma, ta tura tabaraunta sama.

"Gwaggo, abu ɗaya nake roƙon ki. Duk zubin da zai fito, ke za ki fara taɓa shi. In kin ga ya yi abin da bai dace ba, don Allah kar ki ce min lafiya lau."