Ni ne Dogon, Amma Ina Duƙe

Ina duƙe ina ɗinke bakin buhun albasa a kasuwar Jega, sai na ji ihu: Sanusi Dogo ya dawo!

Tare muka tashi a Aliero. Ran da wani mai horar da 'yan ƙwallon kwando ya zo kasuwar nan neman dogayen yara, Sanusi na tsaye yana shan rake, ni kuwa ina duƙe kan buhu kamar yau. Mutumin bai ga tsawona ba, ya tafi da shi.

Tun daga nan yake yawon wasa: Kano, Yamai, Maroko, Legas, ya sake fita. Ni ina nan da basilla.

Na daure, har sai da na hango Balki mai fura, wadda nake nema, ta bar ƙwaryarta ta tafi kallonsa. Nan na miƙe.

"Sanusi, taho mu jera baya da baya."

Wani dattijo ya aza sanda bisa kawunanmu, ta karkata wajensa. Na fi shi.

"Na sani, aboki," in ji Sanusi. "Amma ba ƙungiyar da ta riƙe ni damina biyu. Kai ka huta, kana kwana ɗakinka."

"To mu yi musaya mana."

Ya yi dariya, bai ce to ba.

Balki ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe kai ma dogo na?"

Amma da shi ta ɗauki hoto.

Jama'a, ku gaya min gaskiya: rabo ne, ko duƙawar ce ta cuce ni?