Taku Uku na Gunya

Kubra mai awara ce ta fara gaya mini labarin mutumin, sai ga shi na gan shi a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, hanyar Bunkure. Dattijo ne, riga duk taɓo, dokinsa kwance, ciki a kumbure. Likitan dabbobi yana nesa, wai sai an tura masa bidiyon dokin yana tafiya zai gane ciwon.

To, doki ya ƙi tashi. Dattijon hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan yana jan ragama.

"Gunya, tashi mana! Taku uku kawai, don Allah."

Wallahi da irin muryar nan na tashi 'yata Yusra ranar da zazzaɓi ya kayar da ita.

Na yi la'asar na dawo, yana nan durƙushe, yana roƙonsa, wayar na ta ɗauka.